Uwar Melenaite a Ofishin Makaranta

Ina hutawa a bencin ofishin makarantarmu a unguwar Mount Druitt, bayan na gama ƙetarar da yara titi, sai ga wata mata. Ban san ta ba, amma 'yar Tonga ce kamata. Ta ɗaura tabarmar girmamawa a ƙugu kamar yadda muke yi a al'adarmu, a kan rigar aikin sito. Tafin hannunta ya yi kanta, ina jin kwalaye take wuni ɗagawa.

Na ji tana faɗa wa sakatariya cewa yau ake rufe sunayen masu jarrabawar ajin haziƙai, kuma babu 'yarta Melenaite. Shekarata tara a nan, ban taɓa ganin ɗan tsibiranmu a ajin ba.

Sakatariya tana lallaɓa ta. "Malamarsu ta ce ba ta magana a aji. Ko ido ba ta haɗawa da ita."

"Ni na hana ta, 'yar nan," in ji matar. "A gidanmu yaro ba ya kallon ƙwayar idon babba. Ladabin ne ya koma daƙiƙanci?"

Tana zaro littattafan lissafin yarinyar daga jakar cefane, tana jera su a tebur, tana shafa kowanne.

"Shugaba tana taro, sai dai ki jira," in ji sakatariya.

Ta zauna kusa da ni, ta buga waya wurin aiki. "Yau ku nemi wani." Sannan ta dube ni. "Baba, kai ma ƙorafi?"

Ban wuce aji huɗu ba, ban san abin da ke cikin littattafan nan ba.

"A'a, rakiya," na ce. "In mu biyu ne, sun fi saurin ganinmu."