Nakiyar Matafiyi

Har yau in ƙamshin kanumfari da man shanu ya buge ni, sai zuciyata ta bar Sabuwa inda nake zaune, ta koma tsakar gidanmu na Tafoki, ta tsuguna a bakin murhun Iya. Iya kakarmu ce, mahaifiyar Baba. Mu huɗu ne a gidan: ita, da Innarmu Rabi, da ni Dije, da ƙanena Sale. Na biyar ɗinmu, Baba, ya tafi Ikko.

Shekarun nan ne da aka ce kuɗin mai sun fashe a birane. Samari suka rataye fartanya, suka bi manyan motoci. Baba ya hau tasa a kasuwar Yankara, ya ce aikin gini zai yi, kafin Babbar Sallah yana gida da kwanon rufi da rediyo. Shekarar farko saƙo ya zo, atamfa da sabulu mai ƙamshi. Daga nan shiru. Wani ya ce ya gan shi a bakin teku yana dako, wani ya ce ya haye wata ƙasa. Ba wanda ya kawo labarin mutuwa, saboda haka ba a yi zaman makoki ba, Inna ba ta yi takaba ba. Muka zauna kamar mutanen da aka ce su tsaya a bakin ƙofa, aka manta da su.

Ba a faɗin sunansa a gidanmu. Inna matarsa ce, sai dai ta ce Malam. Iya kuwa ɗan farinta ne, kunya ba ta barinta ta kira shi, balle ta nuna tana kewarsa. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Abu ɗaya take yi. Duk jajiberen Sallah, in an gama dakan nakiya, takan cure dunƙule guda, babba, ta jefa a wata 'yar tukunya da ke rataye a ragayar ɗakinta. Nakiya ba ta lalacewa da wuri. Ba ta taɓa cewa ta wane ce ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Mu yara namu aikin daban. Sallar layya a shekarun tana faɗowa bayan an yi girbi, karan dawa ko'ina. Mukan zaɓo masu kauri, mu ɓare bayansu, mu yanka farin cikin mai taushi gunduwa-gunduwa, mu soke su da tsinken ɓawon har su zama mota. Iya ke feƙe mana ƙafafu da sakaina, ta huda su da ƙayar aduwa. Marfin kwalba ne fitilu. Ni ke yin fenti da jar ƙasa da shuɗin bula na wankin Inna, ni ke ɗinka fasinjoji da tsumma. A gaba kusa da direba kullum akwai mutum ɗaya mai jar hula. Sale, wanda bai san fuskar Baba ba don yana goye aka tafi, ya yi imani cewa in muka ajiye motar a bakin zaure daren Sallah, ita za ta je ta ɗauko shi. Na girme shi, na san kara ba ya zuwa Ikko. Amma ni ma nakan leƙa da asuba.

A shekarar da nake ba da labari, Kawu Idi, yayan Inna, ya zo daga Pauwa ana saura 'yan kwanaki Sallah. Ina bayan danga ina tsintar kara na ji shi.

"Iya, damina huɗu ke nan. Yarinyar nan ba bazawara ba, ba matar aure ba. Alƙali ya ce in aka kai magana zai raba. Ita kuma ta ce ba ta ɗaga ƙafa sai in ke kika sallame ta. To mu mun zuba miki ido. Bayan Sallah zan dawo."

Iya ta ce, "Na ji, Malam Idi. A gaida mutanen gida."

Na san abin da wannan ke nufi. In Inna ta tafi, mu muna nan, don 'ya'ya na gidan ubansu ne. Na ruga na gaya wa Sale. Ya ce, "To mu yi babba bana. Waccan ƙarama ce, shi ya sa bai hau ba."

Muka yi babba. Ƙafa shida, da bodi mai tsawo kamar na masu ɗaukar gyaɗa. Ɓawon kara ya yanke ni a yatsa har sau biyu, jinin ya shiga cikin fentin, ban damu ba. A raina na riga na gama tsara komai: Baba zai yi sallama ana cikin suya, Inna za ta saki matsami, ta rufe fuska da mayafi tana murmushi, wata ya haska su. Ni dama tun ina ƙarama haka nake, ina gina gidaje a cikin hayaƙin murhu. Kuma ko bai zo ba, na ce, ai Iya ba za ta taɓa sakin Inna ba. Wa zai yi mata tuwo, wa zai tsefe mata kai?

Ranar jajibere bayan sallar isha muka kewaye wuta. Inna na suyar alkaki, tana tsamowa tana jefawa a ruwan zuma. Turmin nakiya na gefe, an gama daka, ƙamshin citta da masoro ya cika gidan. Sale na kwance a cinyar Iya da igiyar motarsa a hannu.

"Angona," in ji Iya, don haka take tsokanarsa, "wannan mota taka ko amarya goma ka yi mini za ta kwashe su."

"Ba ta amarya ba ce. Ta Baba ce."

"To, Allah ya ba direba sa'a. Ke kuma uwar mafarki, rufe bakin nan kar ƙuda ya shiga. Ga wata tatsuniya nan tafe, ku ba ta wuri."

"Ta shigo mu ji ta," muka amsa.

Tatsuniyar da muka fi so ce, wadda take yi mana duk jajibere. Wata tsohuwa ce da ɗanta. Yaron ya ji labarin wani gari da rijiyoyinsa zuma suke tsatsowa maimakon ruwa. Ya ce wa uwar, ɗora tukunya, kafin ta tafasa na dawo. Yana da wata kurciya da yake ƙauna, mai 'ya'ya biyu a sheƙa. Ya ɗaura mata zare a ƙafa, ya miƙa wa uwar bakin zaren, ya ce riƙe mini. Ya tafi. Tukunya ta tafasa, bai dawo ba. Tsohuwa ta ƙara ruwa, ta ƙara ice. Ice ya ƙare, ta sa karan danga. Danga ta ƙare, ta ɓalle ƙyaure ta sa. Ta sa kujerarta, ta sa tabarmarta. A ƙarshe ba abin da ya rage sai muciya.

Nan ne wurin da muke jira. Kullum a nan, tana ɗaga muciya za ta tura a wuta, sai a ji sallama, ga yaro da jakuna niƙi-niƙi da tulunan zuma, kurciya ta yi kuka, gari ya taru. Sale har ya ɗaga kai don ya yi kukan jakin, aikinsa ke nan.

Iya ta ƙura wa garwashi ido. Sannan ta ci gaba da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Sai tsohuwa ta waiga, ta dubi kurciya. Rabon da ta dube ta da kyau an daɗe, hankalinta na kan tukunya. Ta ga zare ya ci ƙafar har ya nutse. Ta ga gashin wuyanta ya zube. Ta tuna ta manta yaushe rabon da ta ji kukanta. Sai ta aje muciya, ta tahi bakin ƙofa, ta dubi hanya, ta yi kira. Ta ce, Haruna."

Matsamin Inna ya tsaya a cikin mai.

"Ta ce, Haruna. Ta sake cewa, Haruna."

Sunan Baba ne. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ya fito a hankali, kamar abin da aka daɗe da ninkewa a ƙasan adaka.

"Ba wanda ya amsa. Sai ta komo, ta durƙusa, ta kwance zaren. Kurciya ta ƙi tashi. Tsohuwa ta ce mata, tashi, ɗiyata, ba ki yi laifin komi ba. Kin yi haƙuri har ya ishe. 'Ya'yanki ki bar mini su in riƙa jin ɗuminsu, in sun yi fiffike za su same ki."

"Ba haka take ba!" Ni ce na yi ihun. "Iya, ba haka take ba! Yana dawowa da jakuna!"

"Bana haka ta zo mini, Dije."

"To ki mayar da ita!"

"Mi zan mayar? Ta ƙare nan. In da saura, ɓera ya ja ta rami."

Alkaki ya ƙone a kasko, hayaƙi ya tashi, ba wanda ya motsa. Iya ta sauke kan Sale, ta shiga ɗaki, ta fito da 'yar tukunyar nan ta ragaya. Ta juye ta a sabon faifai. Dunƙule huɗu, na farkon har ya yi duhu ya taurare. Ta ɗora su a kan nakiyar bana, ta tura gaban Inna.

"Ba a kai ɗiya gida hannu sake. Ga guzurinki, Rabi."

Inna ta faɗa jikinta. "Iya, ni ban ce zan tafi ba. Wallahi ban ce ba."

"Na sani. Shi ya sa ni na ce."

Duk da haka Sale ya ja motarsa ya ajiye a bakin zaure. Da asuba muka leƙa tare. Tana nan inda ya bar ta, raɓa ta jiƙa mai jar hula, shuɗin bula ya zubo a gefenta. Aka yi idi, aka yanka ɗan akuyan da muka samu, aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ban tuna ɗanɗanon komai ba.

Kawu Idi ya dawo ranar kasuwar Yankara. Muka raka Inna bakin hanya. Da motar gaske ta tsaya, Inna ta hau, sai Sale ya ɗauki tasa da hannu biyu, ya miƙa mata ta saman bodi.

"Inna, riƙe. In kin gama abin da za ki yi, ki hau ki dawo. Tana da ƙafa shida, ba ta lalacewa."

Ta karɓa. Ta rungume kara da tsumma a ƙirjinta, ta juya mana baya don kar mu ga fuskarta, amma muna ganin kafaɗunta har motar ta sha kwana.

Alƙali ya raba auren. Daga baya Inna ta yi aure a Kankara, ta haifi wasu 'ya'yan, ta yi ƙiba, dariyarta ta dawo. Mukan je mata hutu. Baba kuwa har yau ba mu san ƙasar da ta rufe shi ba, ko ma ta rufe shi.

Na daɗe ina fushi da Iya. Da na iya karatu na shiga sayen 'yan littattafan soyayya na kasuwa, irin waɗanda masoyi ke dawowa a shafin ƙarshe, na riƙa cewa a raina, ga yadda ake yi. Mai ƙauna jira yake. A ganina Iya ta gaji ne, ta fid da rai da ɗanta, ta kuma raba mu da uwarmu a dare ɗaya. Mun ci gaba da dakan nakiya duk shekara, ni da ita, amma ban sake roƙonta tatsuniya ba, Sale kuma bai sake taɓa karan dawa ba.

Iya ta rasu ina da ciki na biyu. Da muka shiga kwashe kayan ɗakinta, na miƙa hannu na sauke tukunyar ragaya don in wanke. Na ji ta da nauyi. Na buɗe. Cike take har baki, dunƙule kan dunƙule, na ƙasa sun zama kamar duwatsu, na sama ko wata uku bai yi ba. Ban san lokacin da take jefawa ba. Wataƙila sai na juya baya ina wanke turmi.

Na zauna a ƙasa da tukunyar a cinyata, na sake bin tatsuniyar daga farko, kalma bayan kalma. Sai a ranar na lura. Tsohuwar ta kwance zare, ta sallami kurciya. Amma ko sau ɗaya Iya ba ta ce ta sauke tukunya ba. Jiran nata ne, ita ta haife shi, ta ci gaba da abinta ita kaɗai har numfashinta ya ƙare. Abin da ta ƙi shi ne ta sa 'yar wani ta tsufa a cikinsa don ta samu abokiyar zama. Littattafaina duk ba su gaya mini akwai irin wannan ƙaunar ba, wadda ke buɗe wa wani ƙofa ita ta koma ta zauna a bakin wuta.

Yanzu ni ce mai murhu. Jikokina sun fi son motocin roba, amma jajiberen bara na sa aka kawo mini kara daga gona, muka zauna muna soke-soke, nakiya na hucewa a faifai. Na yi musu tatsuniyar tsohuwa da kurciya. Da na zo wurin muciya, ƙaramarsu ta kama zanena.

"Hajiya, ya dawo?"

Na buɗe baki in kawo jakuna da zuma, don su yi barci da daɗi. Sai na ji sunan ya taso mini a maƙogwaro, da muryar da ba tawa ba. Na dubi ƙofa. Na cure dunƙule guda, babba, na riƙe shi a hannu har ya yi ɗumi.