Rigar Baba a Kan Kujera

Watan jiya aka kira ni a waya daga tsohuwar makarantarmu ta mishan. Wata malama ce mai sanyin murya, ta ce suna so in zo ranar yaye ɗalibai in yi wa yara nasiha a kan ƙarfin zuciya, imani da godiya. Na yi dariya har ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, na dai ga har yanzu miyar ba ta canza ba, don abubuwa ukun nan aka zuba mana ranar da aka yaye mu. Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani.

Ni 'yar Zongo ce, babana kuma makanike ne a Suame, unguwar masu gyaran mota. A zamaninmu ba kasafai 'yar Zongo kan shiga makarantar Katolika irin wannan ba, sai in wani ya tsaya mata. Ni tsohuwar motar Fada ce ta tsaya mini. Fada shi ne limamin coci da ke shugabancin makarantar, kuma Baba ne ke gyara masa mota. Wata rana yana cikin ɗaure birki ya yi ta maza ya ce yana da yarinya mai ƙwaƙwalwa. Fada ya ce a kawo ta.

Daga ranar Baba ya zama makaniken makaranta na kyauta. Ko cikin cin abinci aka aiko, sai ya wanke hannu ya ɗauki sifana. 'Yan uwa suka yi ta surutu wai ya kai 'yarsa inda za a raba ta da salla. Kuma gaskiya ba wanda ya raba ni da salla. Wata Sista ma ita ta share mini lungu a ɗakin ajiya, ta ce in riƙa yin azahar a nan. Ba na mance mata wannan. Abin da aka raba mu da shi harshe ne: duk wanda aka kama yana Hausa ko Twi, yaren mutanen garin, a harabar makaranta, adda za a miƙa masa ya je ya sare ciyawa.

Da shekarar ƙarshe ta zo, aka zaɓe ni in yi jawabin godiya a madadin ɗalibai. Malamin Turanci ya duba mini shi, ya gyara, na haddace. Amma akwai magana ɗaya da ban nuna masa ba, wadda na shirya zan faɗa da Hausa a ƙarshe. Baba ba ya jin Turanci, in ka cire sunayen kayan mota. Shekara da shekaru yana shiga makarantar nan ta ƙofar baya, ta wajen garejin, bai taɓa zama a babban ɗakin taro ba. Ina so ya zauna a ciki sau ɗaya, ya ji an ambace shi da harshen da yake ganewa. Abin da nake so ke nan, ban haɗa shi da komai ba.

Shi ma ya shirya. Ya sa wani tela a Tafo ya ɗinka masa farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando. Da safiyar ranar ya zauna bakin famfo yana dirje farcensa da sabulu da yashi, Mma tana tsokanarsa wai ko ranar aurensu bai yi irin wannan wanka ba. Ya ce mata ai ranar aurensu ba a ba shi kujera a layi na biyu ba.

Aka fara taro. Ina zaune a kan dandamali, ina hango shi ya miƙe wuya, ya ɗora hannuwa a gwiwa, in an tafa ya tafa. Babban baƙo, wani babban limamin coci da ya zo daga nesa, bai kai ga tashi ba sai na ga direbansa ya lallaɓo ya yi wa Fada raɗa. Daga baya na ji cewa mai ne ke zuba a ƙasan motar baƙon, ga shi kuma ana jiransa a wani gari da yamma. Fada ya ɗaga kai ya duba cikin jama'a, ya hango Baba, ya yafito shi da yatsa.

Baba ya miƙe zumbur. Mma ta riƙe gefen rigarsa, ya zame a hankali. Ya tuɓe babbar rigar, ya ninke ta, ya ajiye a kan kujera, ya ɗora hularsa a kai, ya sunkuya ya bi ta gefe ya fita.

Babban baƙo ya iya magana, ba zan hana shi ba. Ya ce ƙarfin zuciya shi ne ka tsaya a kan gaskiya ko kai kaɗai ne. Ya ce imani ya fi takardar shaida. Da ya zo kan godiya, ya ce kada mu manta da hannuwan da suka ɗaga mu. Ni kuwa ta taga ina hango motarsa a gindin bishiya, da ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashinta cikin sabon takalmi. Na yi ta addu'a baƙon ya tsawaita, ko Baba ya samu ya gama. Ban taɓa son dogon wa'azi ba sai ranar.

Aka kira ni, kujerar na nan yadda take. Na gode wa babban baƙo, na gode wa Fada, da Sistoci, da malamai, har da masu dafa abinci. Da na zo ƙarshe na tsaya. Zuciyata ta ce in bar maganar, wanda na shirya ta dominsa ba ya nan. Sai na dubi rigar nan da hula a kanta na ce: "Baba, duk Turancin nan da ka ji ina yi, daga ƙarƙashin mota ka tono mini shi. Allah ya saka maka da alheri."

Ɗalibai a baya suka fashe da dariya. Wasu mata 'yan unguwarmu suka ce amin. Mma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da aka tashi na same shi a bakin famfo yana wanke hannu, gaban 'yar cikinsa duk baƙin mai. Bai yi mini barka ba. Ya ce ya ji Hausa a lasifika, ni ce? Na ce ni ce. Ya kama hannuna, ya ja ni har inda Fada ke sallamar baƙi. A gaban mutane ya durƙusa, ya sa ni ma na durƙusa, ya yi ta ba da haƙuri da Twi, wai yarinya ce, ba ta san abin da take yi ba, a yafe mata.

Fada ya ji kunya, ya ɗaga shi da sauri, ya ce ba komai, abin ma ya yi kyau. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce in ya samu sarari ranar Litinin ya leƙo, motar makaranta tana wani ƙara. Baba ya ce in sha Allahu. Fada ba mugun mutum ba ne, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ko kusa bai taɓa zuwa masa a zuci cewa ya ɗauke wa wani mutum wani abu ba.

Muka hau trotro, motar haya, zuwa gida. Mma ta rungume babbar rigar a cinyarta, don ya ƙi sa ta a kan baƙin mai. Mun yi nisa kafin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Baɗi ƙanenki zai nemi shiga makarantar nan." Na gane, amma ganewar ba ta sanyaya mini zuciya ba.

Muna dab da sauka ya matso kusa da ni. "Direban baƙon nan ya cika ni da surutu," in ji shi. "Baba kawai na ji. Me kika ce?"

Ashe haƙurin da ya durƙusa ya bayar, a kan maganar da bai ma ji ba ne. Na maimaita masa a hankali, yaron mota yana ta ihun kiran fasinja a kanmu. Ya juya ya dubi waje. Can ya ce, "To, madalla." Sannan ya ce direban trotron nan zai kashe injinsa in bai sauya mai ba.

Ƙanena ya samu shiga. Baba ya ci gaba da zuwa ta ƙofar gareji har gwiwoyinsa suka gaza, kuma har ya rasu ban taɓa jin ya faɗi maganar makarantar ba sai da alheri. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni na ci ladan, Baba ya yi askin. Duk abin da aka yi mana wa'azi a kai ranar nan, shi ke da shi, har ya yi masa yawa. Ni dai godiyar da na gani ba ta taɓa barin mai ita ya zauna ba.

Shekaranjiya malamar ta sake kira. Na ce mata zan zo, amma da sharaɗi: in motar wani ta lalace ranar, a bar ta a inda take har a tashi taro. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi. Na jira har ta gama.