Mushe Sanda da rawanin Agali

Ranar Laraba da hantsi, ina daidaita wa wata mata sandar dogarawa, wayata ta yi ƙara. Ƙanen malamina ne: "Lawali, Mushe Sanda ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye zarto, na zauna a ƙasa.

Ni kafinta ne. A aji uku na kolej na bar karatu, kuma duk abin da na mallaka hannuna ne ya ba ni, shi ya sa ba na son a nuna mini aiki. Amma da aka buɗe horon masu taimaka wa waɗanda jikinsu ya shanye su koma harkokinsu, na shiga, Mushe Sanda ke koyar da mu. Mushe muke ce wa malamin boko a nan wajenmu. Ranar farko ya hana mu taɓa kowa. Ya ce, "Kafin ka tambayi mutum inda ke masa ciwo, tambaye shi abin da yake yi daga asuba zuwa magariba." A raina na ce wannan hira ce, ba magani ba.

Sai aka ba ni Agali, wani dattijo Ba'abzine mai sayar da raƙuma daga wajen Korahane, wanda ɓarinsa na dama ya shanye. Wata biyu ina motsa masa ƙafa, na sassaƙa masa sandar da har yau ban yi kamarta ba. Tafiya ta dawo, amma ya ƙi fita daga ɗaki. Abinci ma sai an matsa masa. Na ce wa Mushe, "Tsohon nan taurin kai gare shi."

Muka tafi tare. Bayan gaisuwa, Mushe ya dubi rawanin da ke rataye a bango, ya ce, "Baba, wa ke naɗa maka?"

Agali ya kau da kai. "Ni da surukai da jikoki, in fita baki buɗe? Ko in zauna matata ta naɗa mini kamar jinjiri?"

Kunya ta rufe ni. Kasuwa ɗaya muke ci da mutanen nan tun tasowata, amma ban gane ba cewa a wurinsu abin kunya ne dattijo ya fita bai rufe baki da rawani ba. Mushe bai kunyata ni ba. A hanya kawai ya ce, "Sandarka ta yi kyau, Lawali. Gobe ka zo da rawani." Mako uku ni da Agali muna koyon naɗi da hagu da haƙori, nawa hannun dama ɗaure a baya. Yana ta yi mini dariya: "Kafinta, naka gammo ne!"

Ranar addu'ar uku, wani ya dafa kafaɗata da hagu. Agali ne, rawaninsa ya ɗan karkace, amawali ya rufe baki. Ya ce, "Da kaina na naɗa. Ba zan zo gaisuwarsa da naɗin wani ba."

Allah ya jiƙan Mushe Sanda, ya yafe kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma da ya koyar, Allah ya sa mu riƙa tambaya kafin mu taɓa mutum. Amin.