Targaɗe Ne Kawai

A ɗakin jira na asibitin ƙashi, wata doguwar ɗalibar sakandare tana zaune kusa da ni, idon sawunta a kumbure. Rigar wasan makarantarsu ce a jikinta, tafin hannunta duk ya yi kanta. Mahaifinta yana tsaye yana ba duk mai kunne labarinta: ita ce ta ɗaya a tsere, ita ce kyaftin a ƙwallon raga, ga gasar tsalle tana tafe.

Ita dai tana murza igiyar takalminta, ba ta ɗago ba. Ina jin ta daɗe rabonta da barcin safe, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji.

Da mahaifin ya fita amsa waya, sai ta riƙo hannun ma'aikaciyar jinyar da ta kawo hoton ƙafar.

"Anti, don Allah ki ce masa karaya ce."

Matar ta dube ta. Sai ga mahaifin ya dawo.

"Baba, targaɗe ne kawai," in ji ma'aikaciyar.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "To, yaushe za ta koma fili?"