Littafin Hashim na Bakwai

A watan jiya Othniel ya zo gidana a unguwar Mafoni da labari. Abokin ɗana Hashim ne tun suna firamare, yanzu yana da shagon buga takardu a Bulabulin. Ya ce wata ƙungiya ta yarda ta buga labarin zane da Hashim ya bari, kwafi dubu biyar, a raba wa makarantu. Sharaɗinsu ɗaya ne. Labarin yana cikin littattafan rubutu bakwai, su kuma shida za su buga, a bar na bakwai. Na ce ya ba ni mako guda.

Sunana Umara. Na karanta shari'a a jami'a, na yi shekara talatin da ɗaya ina rijistara a kotu. Aikina shi ne in rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, kuma haka zan yi ƙoƙarin yi a nan.

An haifi Hashim a 1989. Bahago ne. Ya fara zane da gawayi a bangon zaure tun bai iya rubuta sunansa ba, har mahaifiyarsa Bintu ta gaji da gogewa ta sallama masa bango ɗaya. Yana aji huɗu ya gano teburin Ogbonna, mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. A ƙasan teburin akwai kwali cike da mujallun zane na ƙasashen waje, irin na jarumai masu rufe fuska suna tashi sama. Ogbonna yakan bar shi ya karanta a tsaye. "Nuna hannu tukuna," yakan ce. "In akwai man ƙosai, koma gida."

Na so ya karanta shari'a. Bayan sakandare sai ya buɗe rumfar zanen alluna a Abbaganaram: allon mai aski, allon mai gyaran waya, bayan keke. Idan ka ga kifi a allon wani shago a unguwar kamar zai yi tsalle ya faɗo titi, aikinsa ne. Wasu suna nan har yau, sun koɗe.

Idan ba aiki, sai ya zana nasa jarumin. Ya sa masa suna Garkuwan Yerwa, wato garkuwar garinmu. Shuɗin mayafi yake yafawa, fuskarsa a rufe sai idanu. Yana ganin baƙin hayaƙi a kan duk mai mugun nufi, kuma ba mai ganin hayaƙin sai shi. Abokin gabarsa shi ne Sarkin Hayaƙi, wanda mabiyansa ba su da suna, duk fuskarsu iri ɗaya. Garkuwa yakan sure su ya jefa bayan gari, inda ba a dawowa. Yaran unguwa sukan cika rumfar suna jiran sabon shafi.

Wata rana a 2012, bayan la'asar, ya kawo mini littafi na shida a zaure. Na karanta shi tas, sannan na cire tabarau.

"Wa ya naɗa Garkuwan nan?" na ce.

"Baba, tashi sama fa yake yi. Wa zai naɗa shi, mai unguwa?"

"In ya yi kuskure, wajen wa za a kai ƙara?"

"Ba ya kuskure. Ni na zana shi."

Na gaya masa cewa a jami'a mun karanta wani irin mulki da aka yi a Turai, wanda suke kira fasizim. Mutane suka gaji da tsoro da jan-ƙafar hukuma, sai suka miƙa komai ga mutum ɗaya mai ƙarfi, wanda ya ce shi kaɗai ya san miyagun cikinsu. Na ce duk jaruman kwalin Ogbonna suna da ɗan wannan warin, nasa ma haka.

Ya yi dariya. "Littafin yara ne, Baba, kai kuma har ka ɗaukaka ƙara." Sai dariyar ta tsaya. "Ranar da aka harbe Malam Mikail a ƙofar shagonsa da rana tsaka, wace kotu ce ta zo? Shari'ar filin nan da kake ba mu labari, shekara nawa aka yi ana yinta?"

"Tara."

"To yaran nan ba su da shekara tara ta jira."

Na gyara masa kuskuren rubutu guda biyu na mayar masa da littafin. Ban ce masa zanen ya yi kyau ba. Ya yi kyau ƙwarai.

A daminar 2013 aka katse layin waya a garin, jami'an tsaro suka fara tantance maza unguwa-unguwa. Tantancewar farko ta sami Hashim a Abbaganaram. Ya tsira, amma aka tafi da Nasidi, mai tsiren da ke gefen rumfarsa. Ranar Hashim bai ci abinci ba. Washegari ya sayi sabon littafin rubutu, bai kuma nuna mini abin da yake zanawa a ciki ba.

Bayan mako shida aka zo Mafoni, ranar Talata, wajen ƙarfe tara na safe. Aka fito da mu fili, aka ce kowa ya tuɓe riga ya zauna. Daga nan muka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban wata mota. A cikinta akwai mutum da aka rufe wa fuska da ƙyalle, sai idanu. In ya yi shiru, ka wuce. In ya ɗaga yatsa, a ja ka gefe. Mutum huɗu ne tsakanina da Hashim. Na wuce. Da na waiwaya, an riga an riƙe masa hannu, hannun hagun, da koren fenti a yatsunsa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Baba, makullin rumfa yana aljihun rigata."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da na ji. Na rubuta takardu goma sha bakwai zuwa ofisoshi daban-daban. Bayan wata goma sha huɗu wani da aka sako ya zo ya gaya mana cewa Hashim ya rasu a kwana na goma sha tara. Muka yi masa salla ba gawa. Shekarunsa ashirin da huɗu.

Ban san wanda ke cikin motar nan ba, ban san ko shi ma tilasta masa aka yi ba. Ba na cewa zanen ɗana ya jawo wani abu. Abin da na gani nake faɗa.

Littafi na bakwai a rumfar na same shi, ƙarƙashin gwangwanin fenti. A cikinsa Garkuwa ya hango hayaƙi a kan wani mutum, ya sure shi ya jefa bayan gari. Mutumin mai tsire ne, hayaƙin kuma na wutarsa ne. Daga nan, shafi goma sha ɗaya, uwar mai tsiren tana bin Garkuwa. Yana sama, tana ƙasa da silifas, tana tambaya ɗaya: "Ina ka kai shi?" Sarkin Hayaƙi bai fito ko sau ɗaya ba. Shafin ƙarshe da fensir yake, bai kai ga sa masa tawada ba. Garkuwa yana zaune a kan bencin kotu, hannunsa a kan ƙyallen fuskarsa. A gefe ga wani ɗan tsoho mai tabarau riƙe da biro. Kunnuwana ne, bai rage komai ba. Ya zana da'irar magana a bakin tsohon, ya bar ta ba rubutu.

Da mako ya cika Othniel ya dawo. Na tambaye shi dalilin ƙungiyar.

"Sun ce yara jarumi suke buƙata, Baba. Sun ce na bakwai zai fama wa mutane ciwo, kuma bai ƙarasa ba."

"Kai me ka gani?"

Ya sunkuyar da kai. "Dubu biyar ne fa, Baba. Sunansa zai shiga kowace makaranta. Allunan nan nasa ƙarewa suke yi. Jiya ma na ga an shafe na mai askin."

Na san gaskiya ya faɗa. Bintu tana bayan labule tana ji, ita da ta hana a taɓa bangon zaure shekara goma sha ɗaya. Na yi kwana bakwai ina son in ce to. Amma in aka buga shida, an ɗauki rabin maganar mutum an sa masa hannu a kai, shi kuma ba ya nan ya ce ba haka ya ƙare ba. Na ce wa Othniel bakwai ko babu.

Ƙungiyar ta janye cikin ladabi. Bayan kwana uku Othniel ya kira ni shagonsa. Ya ce zai buga ɗari biyu da injinsa, baƙi da fari, a kan ragowar takardar kalanda. Ya shimfiɗa shafin ƙarshe a kan tebur, ya nuna da'irar.

"Wannan fa? A bar ta haka?"

Na daɗe ina kallonta. Ban san abin da Hashim ya so ya sa a ciki ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Na dai san abin da nake fara cewa duk wanda ya hau bencin nan, shekara talatin da ɗaya. Na ce ya buga a ƙasan shafin cewa rubutun da ke cikin da'irar na mahaifin Hashim ne, ba na Hashim ba. Ya miƙo mini fensir, na rubuta: Faɗa wa kotu sunanka.

Sai na ce, "Othniel, ka ga yadda ya zana ƙafar matar nan? Ya yi kyau."

"Ya yi kyau, Baba," in ji shi, ya juya ya kunna injin.