Karkatattun Murafan Nicanor

Nicanor ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan taraktar jan rake a gonakin bayan San Pedro, amma in ka tambaye shi sana'arsa, cewa zai yi shi mai jefa murfi ne. Murfin jarkar ruwan sha yake nufi, shuɗin nan mai faɗin tafin hannun yaro, wanda 'yan unguwa ke bugu da sandar tsintsiya saboda ƙwallon gaske tsada gare ta. Murfi ba ya tafiya a miƙe. Yakan taso kamar zai daki ƙirjinka, sai ya yi lilo ya faɗi a ƙafarka. Duk yaron da ya iya samun sa da siririyar sanda, ran da aka jefo masa ƙwallo gani zai yi kamar kabewa aka turo masa.

Shi ma Nicanor ya taɓa zama yaron da ake zancensa. Yana ɗan shekara sha shida wani mai zaɓar wa ƙungiyoyin Amurka 'yan wasa ya zo filin bayan coci, aka jera yara. Dokar ƙwallon sanda kowa ya san ta: in mai jifa ya jefo maka munana huɗu ka ƙyale su, ka tafi tashar farko kyauta. Nicanor ido gare shi. Aka jefo huɗu, duk a karkace, ya ƙyale su, ya taka zuwa tashar farko yana jin ya nuna hankali. Da ya waiwaya, mutumin yana can yana shan ruwan kwakwa, ko sunansa bai tambaya ba. Yaron da ya biyo bayansa ya kai wa wata ƙwallo duka a daidai idon sawunsa, ta lula cikin rake. Shi aka ɗauka.

Tun daga ranar Nicanor ya riƙe magana ɗaya: duk abin da ya taso maka, buga. Ba shi kaɗai ba ne, garin gaba ɗaya a kan haka yake renon yaransa, don ba a taɓa jin wanda haƙuri ya hau da shi jirgi ba. Nasa riƙon ne dai ya fi na kowa tsauri.

'Ya'ya mata uku Allah ya ba shi da matarsa Eufemia. Da ƙanwarsa ta tafi aikin otal a bakin teku, sai ta bar musu ɗanta Yeudi, ɗan siriri mai manyan kunnuwa. Kullum Nicanor ya sauko daga tarakta, ko wanka bai yi ba, zai cika aljihu da murafai ya ja yaron tsakiyar layi. In Yeudi ya bar ɗaya ya wuce, ko da ta saman kansa ne, sai kawun ya tsaya ya riƙe ƙugu ya tambaye shi ko kallo ya zo. Ran da masu zaɓe suka ɗauki Yeudi, ƙwallon da ya buga sai da ta taɓa ƙasa tukuna ta taso. Nicanor ya ba da labarin nan a kantin Bienvenido, inda yake zaman wasan domino da abokansa, har abokan suka fara ƙarasa masa jimla.

Yaro ya tafi Amurka, ya yi ta hawa daga ƙaramar ƙungiya zuwa wadda ta fi ta, a garuruwan da ba wanda ya iya faɗin sunansu, har aka kira shi babbar gasa. Makonnin farko kantin Bienvenido bai rufu ba don murna. Daga nan masu jifa na can suka gano shi. Suka daina ba shi mai kyau, suka dinga jefa masa a ƙasa da can gefe, shi kuwa yana bi kamar kaza ta ga tsaba. Aka mayar da shi ƙaramar ƙungiya. Wani ya ji rauni, aka dawo da shi ya toshe gurbi, mai rauni ya warke, aka sake mayar da shi. Nicanor ya koyi zuwa kanti tun kafin a fara wasa, ya tsaya gaban talabijin yana neman sunan yaron a cikin waɗanda za su fara. Yawanci babu.

Da aka tashi hutun ƙarshen kaka Yeudi ya dawo gida. Ya zauna a tsohuwar kujerarsa, Eufemia ta cika masa faranti da dakakkiyar ayaba da soyayyen ƙwai da albasa, ya cinye ya ƙara, sannan ya yi maganar da ta kawo shi. Tsohon da ke tsaron tasha ta uku ya yi ritaya, gurbin a buɗe yake. Koci ya gaya masa ƙiri-ƙiri: in ya dawo ya iya ƙyale munanan ƙwallo, wurin nasa ne kullum. In bai iya ba, a benci zai tsufa, ko su sayar da shi.

"Kawu, so nake ka riƙa jefo mini kamar da," in ji shi. "Amma sai mai kyau zan buga."

"Sauran fa?"

"In bar su su wuce."

Nicanor ya juya cokali a cikin kofinsa, ko da yake sukarin ya daɗe da narkewa. Ya ce to, Allah ya kai mu gobe.

Eufemia ta ɗauka girman kai ne kawai, an ce wa malami karatunsa da gyara. Akwai wannan. Amma abin da ya hana Nicanor jin daɗin kofin nan ya fi haka zurfi, shi kansa bai so ya kalle shi sosai ba. Shekara da shekaru yana gaya wa kansa cewa kuskure ya yi a filin bayan coci, kuma mutum yana iya zama lafiya da kuskurensa, har ya mayar da shi darasi ya raba wa yara. To in ya tabbata ƙyalewar ita ce daidai fa? Ke nan daidai ya yi ranar, ba a dai kalle shi ba ne, kuma taraktar da ya ƙare a kanta ba hukuncin komai ba ce. Wannan ya fi masa ɗaci nesa ba kusa ba.

Saboda haka da gari ya waye, ba taimakon yaron ya fito yi ba. Karya shi ya fito yi.

Ya zaɓo murafan da suka ɗan lanƙwashe, waɗanda ya san halinsu. Ya jefo na farko, ya taso sak kamar kyauta, yana isowa ya zame gefe. Yeudi ya kai masa duka har ya kusa faɗuwa. Nicanor ya ji wani sanyi a ransa, ya ɓoye shi da tari. 'Yan domino sun riga sun jawo kujerunsu bakin layi. Duk sanda yaron ya daure ya bar ɗaya ya wuce, sai Bienvenido ya leƙo ta tagar kanti.

"Kai Yeudi, aikin gadi suka ba ka a can ne? Na ga tsayuwar ta zauna maka."

Wani ya ce a kawo masa kujera, wani ya ce a karɓi sandar a mayar wa mai shara tunda ba amfani za a yi da ita ba. Yeudi yana dariya, kunnuwansa sun yi ja, in zolayar ta yi yawa sai ya manta ya kai wa mummuna duka, layi ya ɗauki tafi. Nicanor bai sa baki a zolayar ba, bai kuma hana ba.

Haka aka yi ta yi kowace safiya kafin rana ta yi zafi. Sannu a hankali murafan da ke cin yaron suka daina cin sa. Nicanor ya canza riƙo. Ya koma jefowa daga ƙasa, ya koyi karya wuyan hannu yadda murfi zai yi kamar ya tsaya a iska kafin ya nutse. Tsofaffin da suka san shi tun yana saurayi suka ce ba su taɓa ganin ya yi jifa irin wannan ba. Kowace sabuwar dabara takan ci Yeudi kwana biyu, daga nan sai ka ga ya ɗaga ƙafa, kafaɗa ta motsa, ya fasa, ya bi murfin da ido har ƙasa.

Kafaɗar Nicanor ta fara ciwo. Wata rana da yamma Eufemia tana shafa masa man zafi a baranda, ta danna wurin da ya fi ciwo da gangan.

"Tsoho, wai so kake yaron nan ya ci, ko kai kake so ka ci?"

"Horo nake ba shi."

"Na ga fuskarka in ya kuskure. Ba fuskar mai horo ba ce."

Ya ce ta danna a hankali, kafaɗa ce ba ƙullin burodi ba. Ta rufe kwalbar ta shige ciki, ba ta sake tayar da zancen ba.

Ana gobe Yeudi zai koma, Nicanor ya zazzage duk abin da ya sani. Yaron bai motsa wa ko ɗaya ba. 'Yan domino ma sun gaji da zolaya, sai kallo kawai. Can hannun tsohon ya gaji, wani murfi ya kuɓuce masa ya tafi a miƙe, Yeudi ya ɗauke shi da wata ƙara, ya haye rufin makwabta ya ɓace. Ya jefar da sandar ya zo ya rungume kawun, gumi a kan gumi.

"Kawu, injin jifan da suke da shi a can ba shi da mugunta irin taka. Da ka tausaya mini da ban koya ba."

Nicanor ya ga yaron da gaske yake, godiya ce tsantsa ba habaici. Ya ce masa ya je ya yi wanka, wari yake.

Wasan da garin ke tunawa ranar Lahadi aka yi shi, bayan an fito daga coci. An cika kantin har waje. Zagayen ƙarshe ne, ana kunnen doki, abokan wasan Yeudi sun cika tashoshi uku, shi ne a gaban mai jifa. An jefo munana uku ya ƙyale, an kuma ci shi biyu, in aka ci shi na uku ya fita, saura ɗaya ko ta nan ko ta can. Kanti ya ɗauka da buga, buga, Bienvenido yana dukan tebur da buɗe-kwalba. Mai jifa ya saki ƙwallo, ta taso sak, kyakkyawa, irin wadda ake renon yaran San Pedro a kanta. Nicanor ya san wannan tasowar, hannunsa ya yi ta sau ba adadi. Sai ya ji bakinsa yana motsi, a hankali yadda ba wanda ya ji: ƙyale ta.

Ta nutse ta daki ƙasa. Yeudi ya ajiye sanda ya taka zuwa tashar farko, kowa ya matsa tasha ta gaba, wanda ke tasha ta uku ya shigo gida da makin nasara, wasa ya ƙare. Na'urar ɗaukar hoto ta bi yaron har ya isa, filin duka a tsaye, ana kiran sunansa.

Mutanen kantin ba su san yadda ake murnar irin wannan ba. Bienvenido ne ya fara magana, ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin an ci wasa da tsayuwa ba, amma a ba kowa abin sha, a rubuta a kan tsoho. Nicanor bai ji shi ba. Idonsa na kan yaron da ke tsaye a tashar farko, mai manyan kunnuwa, kowa na kallonsa.

Daga wannan wata ba a sake mayar da Yeudi ƙasa ba. Tasha ta uku ta zama tasa.

Yanzu in baƙo ya zauna a teburin domino, Nicanor yakan ba shi labarin yadda ya tsara komai tun farko, yadda ya zaɓi lanƙwasassun murafai da gangan, har zolayar ma shi ya sa a yi don yaro ya saba da hayaniya. Ya faɗa sau da yawa har shi ma ba ya iya rabe inda gaskiyar ta tsaya. Eufemia takan ji shi in ta zo sayen gishiri, ta kalle shi ta gefen ido, ta karɓi canjinta ta wuce. Ƙananan yaran layi kuwa har yau buga yake ce musu, don masu zaɓe ba su canza ba, sai an ɗauke ka tukuna ake koya maka haƙuri. Sai dai in wani ya bar mummuna ya wuce, ya daina riƙe ƙugu. Yakan sunkuya ne kamar yana neman wani murfin a aljihu.

Ran wasa ma ya daina sammakon zuwa kanti. Yakan zauna a baranda ya shanye kofinsa har ƙasa, ya nemi takalminsa a nitse. In Eufemia ta ce za a fara ba shi, sai ya ce a fara mana, sunan yaron na nan.