Dutsen Kabarin Tormod

Beathag masaƙiya ce a wani ƙauyen masunta a tsibirin Harris. Kowa ya san ulunta ba ya zuba, ya kuma san bakinta ba shi da linzami. Sunan kakarta ta ci, ma'anarsa rai a harshensu na Gelik. Ranar da ta fara makaranta, malamin da aka turo daga birni ya ce wannan ba sunan mutane ba ne, ya rubuta Rebecca. Ta ƙi amsawa, ya zane mata tafin hannu. Washegari ma ta ƙi. Shekara saba'in ta wuce ba ta huce ba.

Mijinta Tormod masunci ne, mai haƙuri kamar damo. Sunansa tsoho ne, tun na mutanen arewa masu jiragen ruwa, ana cewa ƙarfin zuciya yake nufi. Masu rajista kuwa suka maida shi Norman, sunan da bai haɗa komai da nasa ba. A ƙauyen ba wanda ya damu da takarda, don mutum da ubansa da kakansa ake jera shi: Tormod ɗan Eachann ɗan Ruairidh. Nan yawanci suke tsayawa. Beathag kaɗai ke iya kai jerin mijinta har kaka na bakwai, kamar yadda surukarta ta koya mata suna kaɗin ulu.

Da Tormod ya rasu, ɗansu Eachann, mai sunan kakansa, wanda ke aiki a birnin Glasgow ana kiransa Hector, ya kawo dutsen kabari a jirgin ruwa. Baƙi ne, sai sheƙi yake. Ya yaye bargon da aka rufe shi a ƙofar gida yana jiran yabo.

Ta karanta rubutun da ke jikinsa, ta ɗago kai.

"Wane ne Norman?"

"Haba Inna, Baba mana. Abin da ke takardar mutuwarsa ke nan."

"Takarda ce ta haife ka? Shekara hamsin da biyu ina dafa wa mutumin nan kifi da dankali, ban taɓa jin ko kare ya kira shi Norman ba."

"Mai sassaƙar ya ce sai abin da hukuma ta sani. Ai duk ɗaya ne, Inna."

"Ɗaya ne a gidan uban wa? Shiga maƙabartar ka ƙirga. Norman goma sha ɗaya ne kwance a can, ba wanda ya taɓa amsa sunan da ransa. So kake ubanka ya zama na sha biyu, ya ɓace cikinsu? Kai da ka sayar da naka sunan don a ba ka kujera a ofis!"

Wannan ta yi masa zafi. Ya ce to ta rubuta masa jerin kakannin Baba a takarda, a sake wani dutsen.

"In rubuta? Ka zauna ka koya da baki yadda na koya. In ba ka da lokaci, kama hanya."

Ya kama hanyar kuwa. Ita kuma ta sa maƙwabta suka kife dutsen a kan kwata, tumakinta suka samu gada. Sau biyu yana aiko wasiƙa yana roƙon sunayen. Ta ga an sa hannu Hector, ta cusa a murhu. Gaskiya tana da ita, wannan ba musu, amma taurin kai ya yi mata yawa, kuma ta sani. Kullum tana cewa bazara mai zuwa zai zo ya zauna. Shekara uku kabarin Tormod ba dutse, sai ita da ke zuwa ta cire ciyawa tana yi masa mitar ɗansa.

A bazara ta huɗu ya zo, amma jana'izarta ya zo. Bayan an watse ya ɗauki fensir ya bi ƙauyen gida-gida yana neman jerin. Wata tsohuwa Raonaid, ƙawar uwarsa, ta ba shi sunaye huɗu, ta tsaya tana murza goshi.

"Saura uku, Iya," in ji shi.

"Na sani, ɗana. Uwarka ce mai su."